Soket Ɗaya a Ƙarƙashin Sitiyari

Shekara ashirin da shida Dogo ya yi yana gyaran wutar mota a wata rumfar kwano bayan tasha. Ba ya yanka waya sai dole. Da ƙaninsa direban tasi ya sayo kyamarar da ake mannawa a gilashin gaba, sai Dogo ya jona ta a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari, inda ake sa na'urar binciken inji.

Soket ɗin ɗaya ne tak. Wata safiya motar ta fara shaƙewa, ƙanin ya kawo ta rumfar, Dogo ya zare filogin kyamarar, ya sa na'urarsa. Ƙanin ya tsaya a kansa yana azalzala.

"Yaya, fasinja na wucewa, kai kana nan kana aikin likita."

"An gama. Tafi, uban gaggawa."

Da rana wani mai babur ya shigo hannun da ba nasa ba, ya faɗa gaban tasin, ya mutu nan take. Shaidu biyu suka ce direban ne ya bar hannunsa. Ƙanin ya ce a duba kyamara. Da aka duba, hoton ƙarshe na cikin rumfar Dogo ne, filogin kuma yana lilo kusa da birki.

Dogo ya je kotu ya ce shi ya manta bai mayar da filogin ba. Alƙali ya rubuta, amma wannan bai nuna wanda ya bar hannunsa ba. Aka yanke wa ƙanin shekara huɗu.

Yanzu Dogo ke kai 'ya'yan ƙanin makaranta kafin ya buɗe rumfa. Uwarsu tana gaishe shi kullum, ba ta ɗaga kai.