Ranar da Alhaji Raji Ya Ce Lafiya Lau

Shekara ashirin da biyu ina facin taya a bakin titin nan da ya raba Fagge da Sabon Gari, kuma in dai mai mota ne, daga yadda yake rufe ƙofa nake gane halinsa. Yawancinsu maƙaryata ne, Allah ya yafe mini. Mutum zai turo mota da hannu har gaban rumfata yana haki, sannan ya dube ka ya ce ba ta taɓa ba shi matsala ba. Mutum ɗaya nake cirewa a cikinsu, Alhaji Raji, shi ma ya taɓa ba ni kunya sau ɗaya.

A Fagge aka haife shi. Mahaifinsa tela ne da ya zo daga Ogbomosho da keken ɗinkinsa, bai ƙara komawa ba. Raji ya tashi yana awon yadi a Kantin Kwari, har ya samu ɗan shagonsa. Hausarsa ta fi tawa, sai ran da aka ɓata masa rai ne Yarabanci ke kuɓuce masa. A kasuwa an san shi da abu ɗaya: in atamfa tana da tabo, sai ya buɗe ya nuna wa mai saye kafin ya sa almakashi. Abokansa suna cewa shi ya sa har yau shagon bai ƙara ko taku ɗaya ba.

A rumfata ya haɗu da Ambrose, mai sayar da wayar lantarki da ƙwan fitila a Kasuwar Sabon Gari. Lokacin duk a babur suke, ƙusa ce ta fasa musu taya ta haɗa su zaman jira a benci ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da suka haɗa ƙarfi suka sayi mota guda, 'yar Kwatano, ruwan toka. Mutane suka yi ta cewa ba za a yi wata shida ba sai an kai su gaban alƙali. Suka raba kwanaki. Juma'a ta Raji ce, Lahadi ta Ambrose, sauran kuma bi da bi. Makulli ɗaya ne, a jikin ƙusar da ke ginshiƙin rumfata yake kwana.

Raji ne ya kafa dokar da ta riƙe su. Duk wanda ya dawo da mota, ba ya rataye makulli sai ya tsaya a gabana ya faɗi duk abin da ya ji a jikinta. Ta yi zafi a cunkoson mahaɗar Bata? Faɗi. Sitiyari yana ja hagu? Faɗi. Kai ka goga ta da katanga? Faɗi, ko da kunya. Ni kuma in ɗayan ya zo sai in maimaita masa, ba ƙari ba ragi. Raji yakan ce abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa. Ba makaranta na yi ba, amma shekara goma sha ɗaya ban taɓa mance jawabin motar nan ba, kuma ina alfahari da haka.

Da idon Ambrose ya fara dushewa, tuƙi ya koma hannun 'yarsa Chiamaka, malamar firamare. Raji ne ya koya mata mota da kansa, a wani filin ƙwallo, da faɗa kamar zai cinye ta. Ya ce waya a kashe ta a jefa cikin jaka kafin a taɓa makulli. Ya sa ta haddace abin da ake yi in birki ya ƙi, tana maimaitawa kamar karatu. Baba Raji take ce masa, shi kuma duk inda ya zauna sai ya ce kaf Sabon Gari babu direba kamar 'yarsa.

To, ran wata Asabar bayan la'asar, masu motoci sun cika mini benci kamar yadda suka saba, kowa yana wasa tasa. Wannan ya ce tasa ta je Legas ta dawo ba a buɗe mata baki ba, wancan ya ce tasa ƙanshin mai kawai take sha. Akwai Habeeb, maƙwabcin Raji a Kwari, sa'ansa, wanda bai daɗe da sayen sabuwar mota ba kuma bai bar kowa ya huta ba. Sai ga Raji ya iso. Na lura tun daga nesa yake tafe a hankali, kuma da ya zo tsayawa sai da ya ja birkin hannu.

Habeeb ya ce, "Ga mai rabin mota nan! Alhaji, wai gaban ne naka ko bayan? Don Allah ku sayar da akwalar nan ku huta. Motar mutum biyu ai marainiya ce, ba mai kula da ita."

Aka kwashe da dariya. Raji ya ce motar da Habeeb yake rainawa ba ta taɓa kwana a hanya ba, kuma za ta ga bayan tasa. Habeeb ya ce to ai yanzu za a ji, tunda ga shi zai ba da jawabi. Duk suka zuba masa ido suna murmushi, suna jiran abin dariya.

Raji ya tsaya da makulli a hannu. Na ce, "Alhaji, ya take?"

Ya dubi benci, ya dube ni. Ya ce, "Lafiya lau take."

Ya rataye makulli ya tafi. Raina bai kwanta ba, amma mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba, ta ina zan fara tuhumarsa? Na koma kan aikina, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Abin da ya faru, wanda sai daga baya na ji, shi ne a hanyarsa ta dawowa ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, sai da ya maimaita sau uku sannan ya kama. Lissafinsa shi ne Ambrose ba ya ɗaukar mota ran Lahadi sai ƙarfe tara, lokacin coci, shi kuwa zai zo da bakanike tun bakwai a gyara, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Washegari Lahadi, bayan sallar asuba ina buɗe rumfa, sai ga Chiamaka riƙe da hannun mahaifinta, sun sha ado. Za su Zariya, ana bikin sa wa jikan yayansa suna a coci.

Ta ce, "Baba mai faci, ina kwana. Me Baba Raji ya ce?"

Na ce, "Ya ce lafiya lau take." Da hannuna na miƙa mata makullin.

Bakwai saura Raji ya iso da bakanike da robar man birki. Ya dubi inda mota take kwana, ya dubi ƙusa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba.

"Ina take?"

"Sun tafi Zariya. Sun kai rabin awa."

Robar ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Innalillahi. Babu birki a motar nan."

Ya kira wayar Chiamaka, a kashe, kamar yadda shi ya koya mata. Ya kira ta Ambrose, matarsa ce ta ɗauka a gida, ta ce ya bar ta a caji. Raji ya ce mata ba komai, gaisuwa ce. Adaidaita ba za ta kamo mota a titin Zariya ba. A unguwar mutum ɗaya ne yake da motar da za ta iya, kuma duk mun san ko wane ne.

Muka ruga gidan Habeeb, ya fito da zanen barci a kafaɗa. Raji bai yi kwana-kwana ba, ya ce, "Jiya ƙarya na yi. Birkin ya lalace, kuma yarinyar nan tana kan hanya da ubanta. Ka taimake ni." Habeeb ya buɗe baki, na ɗauka tsiya zai yi, sai ya juya ya ɗauko makulli. Na bar rumfa a buɗe na shiga baya.

Muka wuce Na'ibawa a guje, muka miƙe titin Zariya. Raji yana gaba, ya dafe gaban mota da hannu biyu, duk motar da ya hango ruwan toka sai ya miƙe zaune. Yana ta kiran lambar da ya san a kashe take. Can ya ce, ba da kowa yake ba, "Cikin gari birkin zai riƙe ta. Sai ta saki jiki ta taka, sannan zai tafi." Ni kuwa ba abin da ke yawo a kaina sai muryata ina cewa lafiya lau take.

Gab da Kura muka hango mutane sun taru a gefen titi. Habeeb bai gama tsayawa ba Raji ya ɓalle ƙofa.

Motar ta sauka daga kwalta ta cusa kai cikin tulin yashin masu gini. Gaban ya lotse, fitila ɗaya ta fashe. Chiamaka tana tsaye, ba takalmi a ƙafarta ɗaya. Ambrose yana zaune a kan bulo, wata mata tana danna masa tsumma a goshi, farar rigarsa duk jini.

Da ta ga Raji sai ta fashe da kuka. "Baba, tirela ce ta tsaya a gabana, na taka babu komai. Na yi yadda ka ce. Na rage giya, na ja na hannu a hankali, na nemi yashi."

Ambrose ya juyo wajen muryar. "Alhaji, kai ne? Wa ya gaya maka? Ka ga abin da motar nan ta yi mana. Shekara goma sha ɗaya, yau ta ci amanarmu, ko gargaɗi babu."

Ga hanyar tsira ta buɗe wa Raji. Ni da Habeeb kaɗai muka sani, kuma na rantse ba mai tona shi a cikinmu. Raji ya durƙusa a gaban Ambrose, a cikin yashi, da babbar rigarsa.

Ya ce, "Ta yi gargaɗi. Jiya ta gaya mini. Ni ne ban gaya maka ba."

"Mantawa ka yi?"

"Ban manta ba. Ana yi mini dariya ne, na ji kunya."

Chiamaka ta daina kuka. Ambrose ya ce a kai shi a ɗinke masa goshi.

Ɗinki biyar aka yi masa. Motar kwana tara ta yi a gareji ta fito kamar ba ita ba. Kowa ya zuba ido ya ga an raba gari, amma Ambrose bai ce a sayar ba, bai ce a raba ba, ko ƙarar Raji bai kai wa kowa ba. Makulli ya koma ƙusarsa. Habeeb kuma, in ana hirar motoci a benci, bai ƙara sa bakinsa a tasu ba.

Yanzu Raji ba ya barin komai. Ko ƙara ya ji sau ɗaya a bayan kujera sai ya faɗa, har na gaji da haddacewa. Ran da zai miƙa mota yakan zauna ya jira Chiamaka don ta ji daga bakinsa. Tana tsayawa ta saurare shi har ƙarshe, cikin ladabi, ta ce, "Na gode, Baba." Sannan ta buɗe gaban mota ta duba man birki da idonta, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi, ta shiga ta taka birki sau uku kafin ta tayar. Da can ba ta yi.

Duk lokacin da ta durƙusa ɗin nan, Raji yakan juya ya kama duba tayoyin da na jingina a bango, kamar mai shirin saye.