Wuyan Rigar Yaya

Yayana tela ne a Ƙofar Marusa, kuma wani fim ɗin Italiya ne ya juya masa kai tun ina 'yar sakandare. Kaset ne da ko suna babu a jikinsa, maƙwabcinmu ya aro, muka kalla a falonsu bayan la'asar. Wasu mutane ne suka sauka da kumbo a wata duniya mai hazo ja da kore, wani abu da ba a gani yana shiga jikin matattunsu su miƙe. Ni kwana uku na yi ban shiga banɗaki ba sai da rakiya. Yaya kuwa ko gawa ɗaya bai lura da ita ba. Rigunansu ya tsaya kallo, baƙaƙe, wuyansu a tsaye har kusan kunne.

Daga ranar bai ƙara barin kowa ya huta ba. Ya sa kwalin takalmi a cikin wuyan kaftani, wanki ɗaya ya narke. Sai ya koma yanka tsofaffin hotunan ƙirji na asibiti yana cusawa, wuya kuwa ya tsaya ƙyam. Sallar shekarar, daga Gobarau har Ƙofar Sauri, samari na tafiya kamar masu sanƙarau, in ka gaishe su sai sun juyo da jiki gaba ɗaya. Abin da Yaya ya manta shi ne, ba a wanke shadda a garin nan a ƙi kai ta bugu. Masu bugu suka rurrugurguza hotunan, ɓarɓashin yana sukar wuyan mutane. Masu rigunan suka zo shago da faɗa, ya ba da haƙuri, ya koma ɗinka wuya mai maɓalli da ake cirewa kafin wanki. Yayin ya wuce, shi bai wuce ba.

Bara ciwon suga ya kama idonsa, likita ya ce ɗan ganin da ya rage ba zai jima ba. Abu ɗaya ya roƙe ni.

"Auta, nemo mani fim ɗin nan in gani ko na dace da wuyan ga, tun ina iya gani."

Ni da gwiwata ta gama aiki tun kafin in aje koyarwa, na shiga keke ina bin shagunan waya da na gyaran talabijin. Ba suna, ba shekara, sai labarin gawa da wuyan riga. Wasu su yi dariya, wasu su ce Hajiya je ki huta. Wallahi na gaji, har haushinsa na riƙa ji. Sai bayan wata uku na dace da wani dattijo da ya taɓa hayar kaset, yanzu yana sayar da caja. Ban gama bayani ba ya gane, ya tura mini a waya.

Na iske Yaya a zaure bayan azahar. Ya kai wayar har hancinsa, ya matsar, ya dawo da ita.

"Ja da kore kaɗai nika gani," ya ce. "Duba mani. Mi kika gani?"

Na duba. Nasu fata ce zalla, a buɗe ta gaba, ko zare ɗaya na ado babu. Na Yaya a rufe yake, da aiki layi biyu a baki. Sama da shekara talatin yana ɗinka abin da ke kansa. Na so in ce iri ɗaya ne mu huta, amma bakina ya ƙi.

"Yaya, ba su yi kama ba."

Ya sauke wayar.

"To wanda nika ɗinkawa na wa ne?"

"Naka ne."

Ya miƙo mini wayar, fim ɗin yana ci gaba, ya ce in ɗauko masa wuya ɗaya da ya rage a akwati. Na kawo, ya ɗora a gwiwa yana bin layin aikin da yatsa.