Kurmar Talabijin da Kurman Gidanmu

Jiya da la'asar na shiga falon gidanmu a unguwar Coal Camp da ke Inugu, na tarar da Anti Balki, matar yayana, tana share hawaye da gefen mayafi. Wai jarumin fim ɗin soyayyar da take bi kullum ya koyi maganar hannu saboda budurwarsa kurma ce.

A kujerar gefe kuwa ga Kawu Sale, kurman gaske. Shi ya fara kawo talabijin gidan nan, tun dawowarsu Inugu bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai ke yawo. Ya zuba wa akwatin ido, bai san me ake cewa ba.

Na ce, "Anti, kunna rubutun maganar nan da ke fitowa a ƙasan allo mana, Kawu ma ya karanta."

Ta ce, "Abeg, don Allah, rubutun yana tare wa budurwar fuska. Bar ni in tausaya wa baiwar Allah."

Shekararta goma sha biyu a gidan nan, ko "ina kwana" ba ta iya yi wa Kawu da hannu ba.

Can Kawu ya taɓo ni, ya nuna ta, ya tambaya da hannu: wa ya rasu?

Ku faɗa mini, da wane hannu zan ba shi amsa?