Ɗigon Ƙarfe Takwas

Ban taɓa mantawa da wata Talata cikin watan azumi ba, a shekarata ta biyu da kama aiki a sashen ido na wani asibiti a Daura. Ga wanda bai san aikinmu ba, mu masu auna ido ba ma yin tiyata. Muna gwada gani, mu rubuta tabarau, mu gano cuta, mu bibiyi masu ɗiga magani, abin da ya fi ƙarfinmu kuma mu tura Katsina ko Kano. A lokacin kaina hayaƙi yake yi. Ina ganin duk abin da ke cikin ido na haddace shi tun a makaranta.

Saura mako biyu a kama azumi aka kawo mana Malam Sale, wani dattijo daga cikin gari mai yin aikin aska a jikin babbar riga. Idonsa na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma hawan jinin ido yana cin sa. Wannan cuta ba ta sa ciwo, ba ta sa ido ya yi ja. Ruwan cikin ido ne ke danne jijiyar gani, tana ci daga gefe zuwa tsakiya, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Babban likitan da ke zuwa mana daga Katsina sau ɗaya a wata ya rubuta masa maganin ɗigawa sau biyu a rana, ya bar mini bibiyarsa.

Ni na yi masa bayani, da murya irin ta hedimasta.

"Baba, ƙarfe takwas na safe, ƙarfe takwas na dare. Ba gaba, ba baya. Wannan magani ko a yi shi daidai, ko a bar shi."

Don in tsorata shi na faɗi haka. Ya ce, "To Likita, Allah ya saka da alheri," ya jefa kwalbar a aljihu.

Ranar da na ce ya dawo ta zo ta wuce, babu shi. A wannan Talatar na ci karo da katinsa, na hau mita: mutanenmu ke nan, sai ido ya tafi su zo suna salati. Sista Hajara, babbar ma'aikaciyar jinyarmu wadda ta fara aikin ido tun ina rarrafe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Da ka ba shi takwas na safe, ka tambaye shi azumi?"

"Me ya haɗa ido da azumi, Sista?"

Ta turo mini kwalbar ruwan wanke ido. "Ɗiga a naka mu gani."

Na miƙa hannu, sai na tsaya cak. Ni ma azumi nake yi. Na san akwai 'yar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci har maƙogwaro, na zana ta a jarrabawa na ci maki. Na kuma san abin da aka karantar da mu tun muna allo, cewa abin da ya kai maƙogwaro da rana ya karya azumi. Duka biyun suna kaina, amma ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba.

Daga nan zama ya gagare ni. Ga layi har bakin ƙofa, ina auna mutum ina kallon agogo. Wata tsohuwa sau biyu ina sa mata gilashin gwaji a idon da ba shi ba, har ta ce, "Ɗan nan, ko yunwa ce?" Na sake duba katin, babu abin da aka rubuta a wurin adireshi sai "cikin gari". Ana idar da azahar na tare ɗan acaɓa. Muka bi teloli muna tambaya, aka kai mu wurin Sale mai hula, aka kai mu wurin Sale mai keke. Duk lungun da muka shiga, ina lissafin kwanaki a raina.

Gab da la'asar na same shi a zaurensa, riga a cinya. Da na yi sallama, sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya same ni.

"Baba, ina maganin?"

"Yana nan, na adana shi sai bayan Salla. Ran farkon azumi na ɗiga da safe, na ji ɗaci a maƙogwaro, na san azumin ranar ya tafi. Kai kuwa ka ce in ba daidai ba a bari. Shi ne na bari duka."

"Me ya hana ka dawo ka gaya mini?"

"Haba Likita. Ina ni ina ja da maganarka?"

Kwana goma sha tara ke nan bai ɗiga ba. Maganin matsalar kuwa bai ci mini minti ɗaya ba: ya ɗiga lokacin sahur, ya ɗiga bayan buɗa-baki, ya danne kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa kada ya gangara. Ya ce, "Ashe ana iya haka?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari na auna shi, ruwan ya hau sosai. Na rubuta takardar tura shi Kano, kuma a ciki na rubuta dalilin yadda yake, ban ɓoye nawa ba. Can suka yi masa aiki, suka tsare abin da ya rage. Yana ganin hanya, yana kai kansa masallaci, amma zare da allura sun fi ƙarfinsa. Bayan Salla ya zo takanas ya yi mini godiya, wai na biyo shi har gida. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ku da kuke fara aikin nan, za ku ji ana cewa mutanenmu ba sa jin maganar likita. Ni abin da na gani ya fi wannan ban tsoro: suna ji, har wadda ka faɗa don burga. Kafin ka sa wa mutum lokaci, tambaye shi yadda yininsa yake, ka kuma bar masa ƙofar da zai ce maka ba zai iya ba. A kan maganin nan, Malam Sale bai saɓa mini ko da kalma ɗaya ba. Da ya saɓa, da bai ajiye sana'arsa ba.