Hocen da Inna Asiya Take Warewa

Duk wanda ya taɓa zuwa taron ƙungiyarmu ta kare haƙƙin ɗan Adam ya san Inna Asiya, ko bai san sunanta ba ya ci hocenta. Kowane wata muna zaman sauraron waɗanda suka kuɓuto daga hannun 'yan bindiga, wannan watan a Gusau, na gaba a Tsafe, na bayansa a Bungudu. Mu muke gayyato mutane, mu jera benci a ajin makarantar firamare, ita kuma ta ciyar da su. Babu wanda ya ɗauke ta aiki. Wata rana dai muka gan ta da tukunya a bayan aji, muka yi tsammanin 'yar talla ce, har na kusa korar ta.

Mutuniyar Nahuce ce, gajera, mai ƙarfin hannu, ga faɗa kamar zakaran da ya ga baƙo. Mijinta Attahiru manomi ne. Suna cikin yankan dawa aka kwashe shi da wasu daga gona. Da farko ana bugo waya, daga baya wayar ta daina shiga. Waɗanda aka ɗauka tare da shi suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suka ce an raba su tun a hanya, ba su san inda aka yi da shi ba.

Tun daga nan Inna Asiya ta zama ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Limamin garinsu ya gaya mata gaskiya: ba a yi wa mutum takaba sai an tabbatar ya mutu. Masu gaisuwa ba su da abin faɗa sai "Allah ya bayyana shi", ita kuma ta ce amin. Kullum da kwallinta a ido da 'yan kunnenta na azurfa, don kada wani ya ce ta fid da rai da mijinta. Abin da take nema a taronmu ɗaya ne, wanda zai ce mata ya gan shi, a raye ko a mace.

Ta fi mu iya karɓar mutanen da suka fito daga daji. Mu sai mu tura musu lasifika a baki mu ce su ba da labari. Manyan baƙi kuwa, idan sun ga damar zuwa, su yi jawabi, a ɗauki hoto, su shige mota tun kafin mai magana ya share hawaye. Abin nan yana ƙona mini rai har gobe. Inna Asiya kunu take fara ba mutum, mai ruwa-ruwa, don ta ce cikin da ya daɗe da yunwa ba ya son gaggawa. Sai ya natsu ta kawo hoce, wainar dawan nan da ake gasawa a tukunya, da miyar sure, wato yakuwa. Sannan ta durƙusa gefe ta yi tambayarta. Ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kunya ba ta barin ta.

"Ɗana, ko ka ga maigidana can ciki? Dogo na, baƙi, shina da tabon lauje ga hannun hagu."

Amsar kullum ɗaya ce, ba su gan shi ba. Ta ce ba komai, ta ƙara musu miya.

Akwai wata ɗabi'a tata da muke tsokanar ta a kai. Hocen ƙarshe, wanda ya kama gindin tukunya ya ƙone, ba ta ba kowa. Sai ta sa shi a ɗan kwano ta rufe. Na taɓa ce mata, "Inna, rowa ce ko magani?" Ta harare ni ta ce shi maigida yake so, tun suna amarci, kuma ba ta san ranar da zai shigo da yunwa ba.

A zaman da muka yi a Tsafe bayan sallar layya aka kawo mana wani direba, Mas'udu, shi da abokin fitowarsa. Sun fi shekara a daji. Idon sawunsa duk shacin sarƙa ne. Inna Asiya ta ba shi kunu, ta yi tambayarta. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai sunkuyar da kai. Na ɗauka gajiya ce.

Da aka tashi cin abinci ina tsaye kusa da tukunya, na ga ta kankaro ƙonannen hocen ta sa a ɗan kwanon nan. Mas'udu yana kallo. Sai ya matso kusa da ita.

"Inna, wanga na wa na?"

"Na maigida na."

Sai ya fashe da kuka, irin kukan da babban mutum ba ya yi a gaban mata. Ya ce sarƙa ɗaya aka ɗaure su, shi da mijinta. Idan yunwa ta ishe su, kowa yakan faɗi abin da zai fara ci in ya koma gida, shi kuwa dattijon ba ya wuce ƙonannen hocen da matarsa take ware masa. Ya ce tun da ta ambaci tabon lauje ya gane, amma ya kasa, ya so ya sami manya su gaya mata.

Inna Asiya ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ludayi.

"Yaushe?"

"Tun damanar bara, Inna. Zazzaɓi na."

"An yi mai sutura?"

"Ni da wanga bawan Allah munka gina ramin da icce. Babu likkahwani, cikin rigatai munka sa shi. Amma mun yi mai salla, mun duba da shi gabas."

Ta ce alhamdu lillahi. Ta ɗauki ɗan kwanon ta buɗe, ta ajiye a gaban Mas'udu, ta ce ya ci.

Akwai wani malami da yake buɗe mana taro da addu'a. Ya saurari mutanen biyu, ya ce shaidarsu ta isa. Inna Asiya ta tambaye shi ko yau za ta shiga takaba ko sai ta isa Nahuce. Malam ya gyara zama, sannan ya ce mata a hankali ana lissafin takaba ne daga ranar rasuwa, ba daga ranar da aka ji ba. Tata ta riga ta wuce tun bara, babu komai a kanta.

Na ga fuskarta a lokacin, kuma ban ƙara son ganin irinta ba. Watannin da ya kamata ta zauna a ɗaki domin mijinta, tana bisa mota tsakanin Gusau da Bungudu da kwalli a ido, tana tambayar mutane ko sun gan shi. Sun ɗauke mata miji, sun haɗa har da zaman makokinsa.

"Malam, na ji," in ji ta. "Amma ni ban yi ba."

Ta cire 'yan kunnen ta ƙulle a bakin zane, ta jiƙa gefen mayafi ta goge kwallin. Na matsa kusa da ita, bakina ya saba da gaisuwar da muke yi mata, da ƙyar na juya shi.

"Inna, Allah ya jiƙansa."

Ta ce amin. Sannan ta ce in nemo wadda za ta yi mana girki a zaman Bungudu.