Ƙarar da Baban Manaja Ya Kashe

A ma'aikatar ruwa ba wanda ke kiransa da sunansa. Sikeli ake ce masa. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin gwaji, wani ɗaki mai taga ɗaya da famfo uku, yana ɗiban ruwa a kwalabe yana auna abin da ke ciki kafin a sake shi ya shiga gidajen mutane. In ya ce ruwa bai yi ba, ko shugaban ma'aikata ne ya sauko da kansa ba za a buɗe ba. Bai taɓa sa hannu a sakamakon da bai gani da idonsa ba. Abokan aiki kan tsokane shi da cewa ko gaisuwa aka yi masa sai ya auna kafin ya amsa.

Matarsa ungozoma ce a asibiti, kuma har a gida Sista yake ce mata. Shekara tara suka yi ba haihuwa, ita kuwa kullum tana karɓar ta wasu, ta wanke hannu ta dawo gida. A ta goma aka samu 'ya mace. Yarinyar ba ta cika shekara uku ba ta karɓe mulkin gidan: ita ke cewa wa zai zauna a wace kujera, ita ke kashe talabijin in ta ga dama. Uwar ta sa mata Manaja, shi kuma ya zama Baban Manaja.

Saboda ita ya fara maganar canza mota. Tsohuwar ta soma zubar da baƙin mai a tsakar gida, daidai inda yarinyar ke zama da kayan wasanta, shi kuwa ya san inda baƙin mai ke ƙarewa in an yi ruwan sama. Ya ce mai lantarki zai saya. Wata bakwai ya yi yana bincike. Ya karanta rahoton gwajin haɗari na motoci biyar, ya kalli hotunan yadda kowacce ke lanƙwashewa in an buga ta da bango, ya auna faɗin kujerar baya da tef don ya ga ko kujerar yara za ta zauna daram.

"Baban Manaja, mota za ka saya ko jirgin sama?" in ji Sista. "Ni da za ka aura ma ba ka yi wannan binciken ba."

"Ai shi ya sa yanzu nake yi," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

Ta jefe shi da matashin kujera.

Motar da ya zaɓa fara ce, mai kujera biyar. Caji ɗaya yana kai ta kusan kilomita ɗari huɗu, shi kuma aikinsa da kasuwa da makarantar yarinya duka ba su wuce talatin a rana ba, don haka sau ɗaya a mako yake jona ta da wutar sola, mai aiki da hasken rana, da ya sa a rufin gida. Batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashinta, shi ya sa take kama ƙasa a kwana, ba ta layi. Nauyinta ya kusa tan biyu, amma a hawan da ke bayan asibiti, inda tsohuwar ke tari tana neman tsayawa, wannan sai ta wuce kamar a shimfiɗe take tafiya. Jakar iska shida ce a ciki. Ba hayaƙi, ba warin fetur a hannu. Duk baƙon da ya zo sai ya sha bayani har shayinsa ya huce.

Abu ɗaya ne ya dame shi, motar ba ta da ƙarar inji. Masu ƙera ta sun san da haka, sai suka sa ƙaramar lasifika a ƙasan bamba ta gaba. In tana tafiya a hankali, ƙasa da kilomita ashirin, lasifikar kan fitar da wata ƙara siririya don masu tafiya a ƙasa su ji zuwanta. A kan wannan ƙarar ya kafa wa Manaja doka. Ya kai ta bakin ƙofar falo, ya tsayar da ita a kan dandamali.

"In kin ji motar Baba tana waƙa, ina za ki tsaya?"

"A nan."

"Har yaushe?"

"Har ta yi shiru."

Ta riƙe dokar fiye da shi. Duk inda take a tsakar gida, da ta ji ƙarar daga bakin get sai ta watsar da abin da ke hannunta ta ruga dandamali, ta haɗe ƙafafu kamar soja. Har uwarta take tsawatar wa: "Mama, hau nan, ba ki ji ba ne?"

Shekara guda aka yi haka. Sai aka mayar da Sista aikin dare na wata uku. Takan dawo da safe, ta ɗauko yarinya daga makaranta da ƙarfe ɗaya, ta ba ta abinci, sannan ta kwanta daga biyu zuwa biyar. Shi kuma uku da rabi yake shigowa, kuma inda ake ajiye mota yana jikin tagar ɗakin kwana. Kullum ƙarar sai ta tashe ta, in ta tashi kuma barcin ya tafi ke nan. Idonta ya faɗa. Wata rana ta zuba gishiri a shayinsa, suka yi dariya, amma ita dariyarta ba ta kai ciki ba.

"Motar nan taka mai kukan sauro," ta ce, "ko za ka roƙe ta ta rage murya? A cikin kaina nake jin ta."

Da wasa ta faɗa, kuma ba ta sake faɗa ba. Amma shi mutum ne da in an kawo masa matsala sai ya warware ta. Ranar Asabar, tana kasuwa da yarinya, ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashin bamba, ya zare wayar lasifikar, ya naɗe bakinta da tef don kada ruwa ya shiga. Ya ce a ransa na wata uku ne kawai, kuma shi da ke shigowa kamar mai tafiya a kan ƙwai, me zai faru? Bai gaya mata ba, don ya san za ta ce ya mayar. Ya yi niyyar ya sake wa Manaja doka, ya ce ta riƙa jin ƙarar get maimakon ta mota. Ranar Litinin famfon ma'aikata ya lalace, aiki ya sha masa kai, ya ce sai ƙarshen mako. Ƙarshen mako ya zo ya wuce.

Kwana tara bayan zare wayar ya dawo uku da rabi ya tarar da get a buɗe, mai kwasar shara ya fita bai ja ba. Don haka ko ƙarar get ɗin ba a yi ba. Ya shigo a hankali. Manaja tana tsugune a bayan tankin ruwa, inda ba a hango ta daga kujerar direba, sai ta miƙe ta bi wani abu da ya gangaro mata. Na'urar motar ta yi ƙara a ciki, birki ya kama da kansa, shi ma ya taka. Rahoton da aka rubuta daga baya ya ce gudun kilomita bakwai yake yi, birki lafiya lau, direba ba shi da laifi. Shekararta biyar da wata biyu. Ta rasu a asibitin da uwarta ke aiki, kafin rana ta faɗi.

Masu bincike sun duba birki da taya da kyamara. Ba wanda ya tambayi ƙara.

Sista kuwa ta samo nata laifin tun a ranar. Kullum takan sa sakata a ƙofar falo kafin ta kwanta, ranar nan ta manta. Ta faɗa wa yayarta, ta faɗa wa masu zuwa ta'aziyya, ta faɗa masa ya fi sau ɗari. "Ni na bar ƙofa. Ina ciki ina barci kamar gawa, 'yata tana waje." Ta daina kwanciya da rana gaba ɗaya. Ta sa kafinta ya ƙara sakata biyu a ƙofar da babu sauran wanda zai fita ta cikinta. Shi kuma yakan ce, "Sista, ki daina, ba ke ba ce." Iyakar abin da yake iya faɗa ke nan. Ya auna maganar ta kowace fuska. In ya faɗa, zai sauke mata sakata ya ɗora mata barci, don za ta gane saboda wa aka zare wayar. In ya yi shiru, tana nan tana cin kanta a kan abin da ba shi ne ya kashe yarinyar ba, don Manaja ta sha fita tsakar gida, kuma ƙarar ce kullum ke mayar da ita dandamali. Akwai kuma dalili na uku da ba ya son dubawa: yana tsoron yadda za ta kalle shi.

Wata takwas motar tana rufe da tampol. Yayar Sista ce ta gaji ta ce, "Ƙanina, ka fitar da abin nan daga gidan nan. Kullum ta buɗe taga shi take gani." Aka samu mai saye, wani malamin makaranta mai 'ya'ya uku. Kafin a miƙa, aka kira makanikin da ya saba duba ta, wani dattijo mai furfura a gira, ya zo da safe da akwatinsa. Ya jona na'urarsa ya ce batiri yana nan da ƙarfinsa, kamar ba a ajiye ba. Ya duba birki. Sannan ya shiga ƙarƙashin bamba, ya daɗe bai fito ba.

Da ya fito bai kalli Sikeli ba, hannunsa yake gogewa.

"Yallaɓai, wayar lasifika a zare take. Ba girgiza ce ta cire ta ba, an naɗe ta da tef, naɗin mai hankali." Ya san abin da ya faru a tsakar gidan nan, har ta'aziyya ya zo. "Na mayar. Ba zan miƙa wa mai yara ita haka ba. A takarda zan rubuta waya ta kwance an gyara, shi ke nan. Allah ya ba ku haƙuri."

Ya cika takardar ya miƙa masa da biro. Sikeli ya karanta layin sau biyu.

"Baba, ba kwancewa ta yi ba. Rubuta mai mota ne ya zare."

"Yallaɓai, wa zai amfana?"

"Rubuta kawai."

Dattijon ya soke layin ya sake rubutawa. Sikeli ya sa hannu, ya ninke takardar, ya shiga ciki.

Sista tana guga a falo, farar rigarta ta aiki a kan tebur. Ya tsaya a gabanta ya faɗa mata, a jere, kamar yana karanta sakamakon gwaji: lasifikar, wayar, tef ɗin, dokar da bai sake wa yarinya ba. Ta ajiye dutsen guga a tsaye.

"Yaushe?"

"Kwana tara kafin ranar."

"Don me?"

"Ƙarar ce ta dame ni."

"Ba ka iya ƙarya ba, kada ka fara yau." Muryarta ba ta tashi ba. "Kwana taran nan na tuna su. Har na gaya wa Yaya jikina ya saba, barci ya dawo. Ashe kai ne."

"Sista, ni na zare. Ba ki sa ni ba."

"Na san ban sa ka ba." Ta dafa tebur da hannu biyu. "Wata takwas, Baban Manaja. Wata takwas kana zaune a kujerar can ina cewa ni na kashe ta, kana cewa in daina. Ka ga na kira kafinta. Kai ka riƙe masa ƙusa."

"Na ji tsoron ki ce saboda barcinki ne."

"To saboda mene ne? Saboda barcina ne mana. Wannan nawa ne, da ka ba ni abina na ɗauka. Da mun ɗauka tare, kai da naka ni da nawa. Amma ka zauna ka auna, ka zaɓar mini wanda zan iya, ka bar ni ni kaɗai a ciki."

Ta ƙarasa gugar, har da aljihu da kwala, ta sa rigar ta tafi aiki. Daga asibiti gidan yayarta ta wuce. Bayan kwana biyu yayar ta zo ta haɗa mata kaya a jaka ɗaya, ba ta zauna ba, a bakin ƙofa ta ce masa, "Ka ci abinci, ƙanina, ka rame."

Wata biyar ke nan. Yana zuwa aiki a motar ma'aikata, yana zama a kujerar baya kusa da taga, kuma tsokanar da ake yi masa a ɗakin gwaji ta tsaya, duk da bai ce a daina ba. Sista takan kira shi ranar Lahadi da yamma. Ta tambaye shi ko ya sha maganin hawan jininsa, shi kuma ya tambaye ta aiki. Wani lokaci sukan yi maganar Manaja, har su yi 'yar dariya kan yadda take korar baƙi daga kujerarta. Sau ɗaya kawai ya yi ƙarfin halin tambayarta ko za ta dawo.

Yana jin hayaniyar yaran yayarta a bayanta.

"Zare wayar lasifikar na yafe maka tun a ranar, kafin in kai bakin titi," ta ce. "Wata takwas ɗin ne nake ta ƙoƙari. Ban iya ba tukuna."

Ya ce to. Ta ce ana kiranta, ta kashe.