Littafin da ya maƙale a hanya

Wata rana da yamma na shiga wani ƙaramin shagon littattafai a Barnawa, nan Kaduna, ina neman littafin girki.

Sai ga wani matashi ya faɗo ko sallamar kirki babu. Ya leƙa kantar littattafai, ya duba waya, ya sake leƙa kanta. Ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

Ashe littafin wasa yake nema. Irin wasan nan da abokai ke kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya zama wani jarumi a ciki, ana jefa ɗan ludo a ga yadda za ta kaya. Dokokin da labarin duk a littafi suke.

A tsaye ya zayyana wa mai shagon, Anti Laure, abin da ke damunsa.

Shi ne mai ja wa abokansa labarin. Sun daɗe suna bin labari ɗaya, ƙarshensa kuma yana cikin littafi na biyu. Amininsa Nafi'u ya samu aiki a Fatakwal, jibi zai tashi. Shi kuwa ya yi wa Nafi'u alkawarin sai sun ga ƙarshen labarin tare.

Watan da ya wuce ya ga littafin a wannan shagon. Ya jujjuya shi, ya tambayi farashi, ya ɗauki hotonsa, ya fita. A intanet ya same shi da ragi mai tsoka, nan take ya biya.

Tun ranar bai huta ba.

Yau a ce kaya sun taso. Gobe a ce suna hanya. In ya kira lambarsu, na'ura ce ke amsawa.

Ya ce, "Anti, na san ban kyauta ba. Ki ba ni naki, ko nawa ne zan biya."

Ta ce, "An saye shi, ƙanena. Guda ɗaya na kawo."

Ya dafa kantar shagon.

Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta jawo wayarta.

"Amma na san wanda ya saya. Ya daɗe yana tambayata ko na san masu yin wasan nan. Ba shi da abokan yi."

Ban bar shagon ba sai da mutumin ya iso a kan babur. Malam Sagir sunansa, mai kemis a bayan layin, littafin a cikin leda.

Ya miƙa wa matashin, ya ce aro ne, amma da sharaɗi: a ba shi kujera a teburin.

Suka fita tare suna ta magana. Anti Laure ko sisi ba ta samu ba.

Kwanaki na sake bi ta wajenta. Ta ce sun ƙarasa labarin, Nafi'u ya tafi da farin ciki, Malam Sagir kuma ya gaji kujerarsa. Kayan intanet sai bayan tafiyar suka iso.

Na tambaye ta kasuwa. Ta ce farashin da suke sayarwa a intanet, ita ko a sari ba ta samun haka. Kullum ana shigowa a ɗauki hoto a fita. Ba ta da tabbas ko za ta iya sabunta hayar shagon baɗi.

Har yanzu maganar nan ta hana ni sakat.

Darasi: Neman sauƙi ba laifi ba ne, kowa ya san halin da ake ciki. Amma shagon unguwa ba kaya kaɗai yake ajiyewa ba, ya san mutane. Ranar da ka matsu, mutum za ka nema. In kana so ka tarar da ƙofarsa a buɗe, ka riƙa sayen wani abu a wajensa tun yanzu.

Ka tura wa abokin nan naka mai ɗaukar hoton kaya a shagon mutane.